Kurakuran da aka fi yi wajen sayen ƙaramar bindigar iska mai sifirin don harbin saiti

Mafi yawan masu neman ƙaramar bindigar iska mai sifirin, domin harbin takarda ko gwangwani a tazarar mita 10 ko ƙasa da haka, lambar gudun da aka buga a jikin kwali ce take yi musu jagora, kuma daga nan ake fara yin tuntuɓe. Kamfanoni sukan auna wannan gudu da ƙwayar harsashi mafi rashin nauyi, sau da yawa wadda ba ta dalma ba ce, domin lambar ta fito da girma. Da zarar mai saye ya sa dalmar da aka saba harbawa, wadda nauyinta bai wuce kusan rabin giram ba, sai gudun ya sauko. Ko da a ce lambar gaskiya ce, ba ta tsinana wa mai harbin takarda komai, domin ƙwayar da ke tafiyar mita 120 a daƙiƙa guda tana huda takarda sarai a wannan tazara.

Dalilin da ya sa ƙarfi yake zama matsala yana cikin yadda bindigar take aiki. Idan aka karya bututu, wato aka naɗo shi ƙasa a mahaɗarsa, aka ɗana ta, ana matse sifirin ne a bayan fistin. Idan aka ja kunama, sifirin ya kubce, ya ingiza fistin da ƙarfi, fistin kuma ya matse iskar da ke gabansa har ta tura dalma waje. Duk wannan motsi yana faruwa ne dalmar tana cikin bututu ba ta fita ba, saboda haka bindigar takan zabura a hannu kafin harbin ya bar ta. A doguwar bindiga nauyinta da kafaɗar maharbi suna shanye wani ɓangare na zaburar, amma a ƙaramar bindiga babu mai shanyewa sai wuyan hannu. Gwargwadon ƙarfin sifirin, gwargwadon zaburar, kuma gwargwadon wahalar ɗanawa. Manya irin su Hatsan 25 ta Turkiyya da Diana LP8 ta Jamus suna da ƙarfi ƙwarai, amma wasu daga cikin irin wannan aji har da ƙarin mariƙi ake sayar da su, wanda ake zurawa a bakin bututu saboda taurin ɗanawa. Mutumin da ya yi niyyar harba dalma hamsin da yamma zai ga hannunsa ya fara rawa tun bai kai rabi ba. A ganina, mai farawa ya fi cin riba da masu matsakaicin ƙarfi irin su Gamo P-900 ta Sifaniya ko Baikal MP-53M ta Rasha, ko Weihrauch HW70 idan aljihu ya yarda.

Kuskure na biyu ya fi na farko ɓata wa mutane rai, domin yakan sa su yanke hukunci cewa bindigar ce ba ta da kyau. Sabon maharbi yana jin zaburar nan sai ya damƙe mariƙin iya ƙarfinsa, ko ya ɗora bututun a kan tebur ko bulo, yana zaton hakan zai tsayar da ita. Bindiga mai sifirin ba ta son haka. Idan ta zabura a kan abu mai tauri, tsalle take yi, kuma kowane tsalle da inda yake jefa dalma. Gyaran shi ne a riƙe ta kamar yadda ake riƙe ɗan tsako, ba a matse ba kuma ba a saki ba, a bar ta ta yi motsinta, amma a tabbata riƙon bai canza ba daga harbi zuwa harbi: yatsu a wuri ɗaya, matsi iri ɗaya, sannan a ci gaba da kallon saiti na ɗan lokaci bayan harbin ya tashi. Idan dole sai an jingina, a jingina damtse a kan matashi, kada bindigar kanta ta taɓa komai. Ko sauya riƙo daga hannu ɗaya zuwa hannu biyu yana iya matsar da inda dalma ke sauka, don haka a daidaita saiti da riƙon da za a riƙa amfani da shi. Wannan matsala tsohuwa ce, kuma ita ta sa kamfanonin Jamus suka ƙera Feinwerkbau 65 da Diana 6 da dabarun kashe zabura domin gasa, kafin bindigogin da ake cika wa matsattsiyar iska su karɓe fagen.

Akwai kuma ruɗani a kan nau'i. Beeman P17, wadda ake yawan ba masu farawa shawarar saye saboda araharta, ba mai sifirin ba ce. Iska ake matsa mata sau ɗaya da hannu, shi ya sa ba ta zabura. Haka Crosman 2240 da gas ɗin CO2 take aiki. Su kuwa bindigogin wasa masu harba ƙwayar roba ta milimita 6, duk da cewa wasunsu na da sifirin, ba za su tara harbi wuri guda a takarda kamar mai dalma ba. A karanta bayanin yadda bindiga take samun ƙarfinta kafin a biya kuɗi.

Abin da ya kamata a ba muhimmanci, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne kunama da saiti. Kunamar da ke da tauri, ko wadda ke jan ƙafa kafin ta saki, tana karkatar da bakin bindiga a daidai lokacin da ake buƙatar ya tsaya cik, kuma a nan ne masu araha suka fi gazawa. A gasar mita 10 ta Olamfik ƙa'ida ta ce kada nauyin jan kunama ya gaza giram 500, kuma da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Bindigar kasuwa ba za ta kai wannan laushi ba, amma a nemi wadda ke sakin harbi a wuri guda kullum. Saitin baya kuma ya zama mai juyawa sama da ƙasa, hagu da dama. Ɗora madubin hange mai araha a kan irin wannan bindiga asarar kuɗi ce, domin girgizar gaba da baya tana kwance shi ko ta lalata shi.

Game da dalma, girman milimita 4.5 shi ne na harbin takarda, ya fi araha kuma tafiyarsa ta fi miƙewa fiye da na 5.5 a bindiga mai ƙaramin ƙarfi. Mai shimfiɗaɗɗen kai, irin RWS Hobby, tana yanke rami mai tsabta wanda ake iya ƙirgawa. Kada a zuba ƙwayar ƙarfe a bututun da aka yi wa zare a ciki domin dalma, tana cinye zaren kuma tana dawowa idan ta bugi abu mai tauri. Sannan kada a yi wa sabuwar bindiga hukunci a ranar farko: sai ta ci kusan gwangwani guda na dalma 500 kafin sassanta su zauna, kuma a wannan tsakani sukurorinta kan saki, sai an riƙa dubawa ana ɗaurewa.

Wajen kulawa, abubuwa biyu ne suka fi kashe waɗannan bindigogi. Na farko harbi babu dalma a ciki, domin dalmar ce ke tare iska ta zama matashi ga fistin. Idan babu ita, fistin yana dukan ƙarshen silinda kai tsaye, robar kansa ta lalace, sifirin ma yana iya karyewa. Na biyu ɗiga man inji ko man keken ɗinki a ramin iska. Zafin matsewar iska yana kunna man kamar yadda ake yi a injin dizal, sai a ji ƙara mai ƙarfi, a ga hayaƙi yana fita daga bututu, robar kuma ta ƙone. Ɗigo ɗaya na man silikon da aka yi domin wannan aiki, jefi-jefi, ya wadatar. Kada a ajiye bindiga a ɗane, kuma yayin sa dalma a riƙe bututun gam da hannu ɗaya, yatsa nesa da kunama, domin idan ya kubce yana iya datse yatsa ko ya lanƙwashe.

Doka ma ana yawan yi mata riƙon sakainar kashi saboda ana ɗaukar abin wasa ne. A Ingila ƙarfin ƙaramar bindigar iska ba zai wuce kimanin jul 8 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), kuma sai ɗan shekara 18 ake sayar wa. Sikotilan tana buƙatar takardar izini tun ƙarshen 2016. A Jamus iyakar da ake saye ba tare da lasisi ba jul 7.5 ce, da alamar harafin F a jikin bindigar. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka, don haka yin odar ta ta intanet ba tare da izini ba neman rigima ne da kwastan da jami'an tsaro.

Wurin harbi kuwa, katangar siminti ko katako mai tauri ba su dace su zama bayan takarda ba, domin dalma mai ƙaramin gudu takan dawo kan mai harbi. Kwali mai kauri da aka cusa wa tsummoki, ko akwatin ƙarfe da aka yi domin tare dalma, shi ya dace, tare da tabarau na kariya ga mai harbi da duk wanda ke tsaye kusa da shi, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dalma kafin a ci abinci.