Ga waɗanda ritaya ta ƙarato musu

Salamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na Garwa da Marwa. Tun daga 2021 ma'aikacin gwamnati a Kamaru yana ajiye aiki yana da shekara 60 ko 55, gwargwadon matakinsa, kuma da yawa suna fita da sauran ƙarfinsu.

Lokacin kana aiki, in ka ce "ina da aiki" kowa ya ɗaga maka ƙafa. Ofis ke yanka maka lokaci, kuma shi ke kare ka. Ranar da ka ajiye, hidima ba ta raguwa, sai dai ta koma ta jama'a: suna, ɗaurin aure, sulhu tsakanin maƙwabta, kai jika asibiti, bin takardar wani ɗan'uwa tunda "Baba yana gida". Duk alheri ne, wallahi, amma sai magariba ta yi ka gaji tiɓis ba ka taɓa naka ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Shawarata, Alhaji, ka ware daga bayan asuba zuwa hantsi ya zama naka, kafin zafin rana ya sauko. Ko lambun albasa ne, ko kiwon tumaki biyu, ko komawa gaban malam da littafin da ka ajiye tun kana saurayi. Ka sanar da iyali da bakinka tun makon farko, don in an saba aikenka da safe, janyewa sai da ɓacin rai. Zirga-zirgar fansho kuwa, ko ta CNPS ce, wato hukumar fanshon ma'aikatan kamfanoni, ka tara ta rana guda. Jana'iza kaɗai ce ba ta jira.