Idan ciwon maƙogwaro ya gangara wuya, ga abin yi

Ina aikin jinya a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma duk hunturu matasa na zuwa mana da ciwon maƙogwaro. Yawancinsu kan warke cikin mako guda. Amma akwai wani da ba a cika gani ba, wanda likitan Faransa André Lemierre ya bayyana a 1936: cikin majinyata 20 da ya ba da labarinsu, 18 sun rasu, don a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wata ƙwayar cuta ce, Fusobacterium necrophorum, ke tashi daga maƙogwaro ta shiga babbar jijiyar wuya mai mayar da jini zuciya. Jinin ya daskare a ciki, gudajin su ɓalle su tafi huhu. Abin da ya fi damuna, samari da 'yan mata masu jini a jika ta fi kamawa.

Iyaye, ku riƙa ƙirga kwanaki. In an yi kwana 4 zuwa 7, har an ce sauƙi ya samu, sai zazzaɓi ya dawo da rawar sanyi har haƙora na kaɗawa, to ku zaunar da yaron a wurin haske ku duba wuyansa. Ku ɗora yatsu a hankali daga ƙasan muƙamuƙi zuwa gindin wuya, ku gwada dama da hagu. Kumburi ko zafi a gefe ɗaya, ko kasa juya kai, ko tari da ciwon ƙirji, ya isa a nufi asibiti a ranar, ko da dare ne. Don Allah kada a murza wurin, kada a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yi ƙaho.

A nan kowane zazzaɓi na cizon sauro muke ɗaukarsa. A yi gwajin, amma ko ya nuna akwai, ku faɗa wa likita yadda abin ya faro: maƙogwaro tukuna, sannan wuya. Ku tafi da kwalayen magungunan da ya sha. Ku tambaya ko za a yi hoton jijiyar wuya, wato ekografi, da hoton ƙirji. In asibitin ƙauye ba shi da na'urar, ku nemi takardar turawa Garwa ko Marwa.

Maganin ta jijiya ake farawa, galibi metronidazole haɗe da ceftriaxone, daga baya a koma ƙwayoyin haɗiya, mako 3 zuwa 6. Ko yaron ya miƙe yana cin tuwo, kada a daina sai likita ya ce.