Idan maleji ya yi ƙarya a motar da ka haɗa da hannunka

A Ingila akwai masu sayen mota a wargaje, shasi daban, bodi daban, su kai gareji a bayan gida su haɗa abarsu da kansu. Caterham Seven ce ta fi suna a wannan harka, tun da kamfanin ya sayi haƙƙin ƙera ta daga Lotus a 1973. Akwai motocin kamfanin Westfield, akwai kuma masu yin walda tun daga tushe su kwaso giyabos da aksul na tsohuwar Ford Sierra su ɗora. Da yawansu yanzu sun daina sa maleji mai allura wanda kebul ke juyawa daga giyabos, dashbod mai lambobi suke sawa. To a nan ne mutum zai gama wahalar shekara biyu, ya fita gwaji, mota na sheƙa gudu maleji na nuna 0, ko kuma yana lallaɓawa a cikin unguwa maleji na rantsuwa cewa 120 yake yi.

Dashbod bai san gudu ba, ƙirga kawai ya iya. Ana kafa sensa kusa da wani ƙarfe mai juyawa, duk lokacin da kan noti ko maganaɗisu ya gifta ta gabanta sai ta aika masa bugu ɗaya na lantarki. Shi kuma ya ƙirga bugun, ya haɗa da lambar da ka ba shi ta yawan bugun da ke cikin kilomita ko mil ɗaya, ya fitar da gudu. Saboda haka kafin ka ce sensa ta lalace ka ruga sayen wata, ka sani cewa galibi lafiyarta ƙalau, laifin na wanda ya ɗaura ta ne.

Kuskuren farko tun a wajen saye ake yin sa. Sensar nan iri-iri ce. Mai waya uku, wadda ake kira Hall, tana buƙatar wuta, kuma bugunta ƙarfinsa ɗaya ne ko a guje kake ko a hankali. Mai waya biyu da naɗin kwayil a cikinta da kanta take samar da wutarta, amma wutar tana bin saurin juyi ne, shi ya sa za ka ga maleji shiru sai mota ta ɗan ɗauki gudu sannan ya farka. Akwai ta uku, irin ta malejin keke, mai ɗan makunnin da maganaɗisu ke rufewa. Wannan ni ban yarda da ita a kan farfela ba, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, domin juyin ya fi ƙarfinta, za ta riƙa tsallake bugu ko ta ninka. Ka buɗe takardar dashbod ɗinka ka ga irin wadda yake karɓa. Kuma Hall da yawa ba sa tura wuta a wayar sigina, ja suke yi zuwa nagetif kawai. Idan dashbod ba shi da resista a ciki, kai za ka sa ɗaya, mai ƙarfin ohm 1,000 zuwa 10,000 (1k zuwa 10k), daga wayar wuta zuwa ta sigina. Ba resistar nan, ba bugu.

Sai wurin kafawa, inda aka fi shan wuya. Rata tsakanin bakin sensa da kan noti yawanci milimita 1 zuwa 2 ce, ba a auna ta da ido. Amma ko ka auna daidai, tambayi kanka: a kan me na ɗaure ƙarfen da ke riƙe da ita? Idan a kan shasi ka ɗaure, alhali abin da take karantawa yana jikin aksul ko giyabos mai zaune a kan roba, to da ka taka mai sai su motsa, ratar ta buɗe, maleji ya faɗi daga 80 zuwa 40 ya dawo. Wata rana kuma ratar ta rufe, noti ya aske bakin sensar. Sensa da abin da take kallo su kasance a jiki ɗaya, su motsa tare, kuma mariƙin ya zama ƙarfe mai kauri, ba fallen kwano mai karkarwa ba.

Ga wani abin dariya da ke cin masu son ƙyale-ƙyale. Mutum zai cire baƙaƙen notukan farfela ya sa masu sheƙi na ƙarfen da ba ya tsatsa, ba tare da sanin cewa yawancinsu maganaɗisu ba ya kama su ba. Sensa ba ta ganin su sam. Ɗauki maganaɗisu ka taɓa kan notin. In bai manne ba, ka gano ɓarawonka. In kuwa maganaɗisu ka liƙa, akwai Hall da fuska ɗaya kawai take ji, to ka gwada kowanne a gaban sensa kafin ka sa gam, ka yi masa alama da fenti. Kada kuma ka manna shi a jikin faifan birki, domin irin ƙananan nan masu ƙarfi suna fara rasa kamunsu da zafi ya haura digiri 80.

Yanzu lissafi. Ɗauki taya 195/50R15. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 576 ne, kewayenta kusan 1,810, wato juyi kusan 553 a kilomita ɗaya. Idan sensa na kallon notuka 4 a jikin taya, bugu 2,210 ke nan ko kusa da haka. Amma idan notuka 4 na farfela take kallo, farfela ta fi taya saurin juyi. Da aksul ɗin Sierra mai 3.92, sai ta juya sau 3.92 kafin taya ta juya sau ɗaya, bugun ya koma kusan 8,660. Wanda ya manta wannan shi ne mai tafiya a 30 maleji na nuna masa 118. Duba kuma ko dashbod bugun mil yake tambaya ko na kilomita, domin mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Ita kanta lambar 1,810 ta takarda ce. Taya tana ɗan lotsawa idan nauyi ya hau ta. Sa iska daidai, zaunar da mutum a kujerar direba, yi alama da alli a taya da ƙasa, tura motar taya ta yi juyi 5, auna, raba gida 5. Wannan lambar za ka yi lissafin da ita a maimakon 1,810. Ranar da ka canza girman taya kuma, ka sake awo.

Idan mota na tsaye, ka taka mai ka ga maleji na hawa tare da ƙarar inji, wayar sigina ce ke kwasar hayaniyar kwayil da wayoyin fulogi. Raba hanyarsu, sa waya mai rigar ƙarfe, ka haɗa rigar da nagetif a gefen dashbod kaɗai. Nagetif ɗin sensar ma a wurin na dashbod za ka haɗa shi, ba a kan kowane noti mai fenti da hannunka ya kai ba.

Wasu idan sun gaji sai su ce bari su sa na GPS su huta. A ganina GPS na wayar hannu ya dace da duba ko lissafinka ya yi daidai, a miƙaƙƙen titi da gudu ɗaya. Amma malejin GPS yana ɗaukewa a hanyar ƙarƙashin ƙasa, kuma a kan na'urar gwaji mai rola, inda taya ke juyawa mota ba ta gusawa, 0 zai nuna. A Ingila motar haɗi sai ta ci gwajin hukuma da ake kira IVA kafin a ba ta lamba, kuma ƙa'idar maleji a can ita ce kada ya taɓa nuna ƙasa da ainihin gudu, sama kuwa an yarda har kashi 10 cikin 100 da ƙarin mil 6.25 a awa. Don haka kada ka saita shi cif-cif, kuskure kaɗan zai jefa ka ƙasa. Saita shi ya ɗara da kashi 2 ko 3, yadda idan GPS ya ce 60, dashbod zai ce 61 ko 62.