Darasi na 6: Koya wa Yaro Gani da Ji

A bakin Bahaushe hanyoyin da mutum ke gane abin da ke kewaye da shi biyu ne: gani da ji. Ido ke gani, sauran duk ji ne. Kin ji sallama, kin ji ƙamshin miya, kin ji zaƙin rake, kin ji zafin murhu. Amma ranar da ɗanki ya shiga firamare, malami zai ce masa hanyoyin biyar ne: ido, kunne, hanci, harshe da fata. Kada wannan ya ruɗe ki. Jin nan namu ne aka raba gida huɗu.

Ba sai kin sayi komai ba, kayan madafa sun isa. Ki rufe wa yaro ido da ɗankwali, ki kai daddawa kusa da hancinsa. Ki ce, "Auta, me ka ji?" In ya faɗa, ki ƙara, "Da me ka ji?" Tambaya ta biyun ita ce darasin. Ki bi da citta da albasa.

Wasan harshe ya fi daɗi. Ki ɗanɗana masa tsamiya, rake, gishiri da ganyen shuwaka, ya ambaci tsami, zaƙi, gishiri da ɗaci. Akwai ɗanɗano na biyar, wato armashin da daddawa da romon nama ke ba miya. Yaji kuwa ba ɗanɗano ba ne, zafi ne. Shi ya sa barkono ke yi wa ido da fata raɗaɗi. Ki sa ya toshe hanci ya tauna albasa, zai ji ƙarfinta ya ragu. Dalilin ke nan mai mura ke cewa miya ta yi lami, alhali mai girki ba ta da laifi. Jariri da bai cika shekara 1 ba, kada a lasa masa zuma.

Na kunne da fata ba wuya. Ya bambanta ƙarar daka da kukan zabo. Ya sa hannu a buhu ya gane gero da auduga.

Kina wasan, kina lura. Yaron da ba ya waiwaye in an kira shi ta baya, ko kunnensa ke zubar da ruwa, a kai shi asibiti. Wanda ke tuntuɓe da zarar magariba ta yi, wataƙila dundumi ne, wanda ƙarancin bitamin A ke kawowa. Manja, zogale, gwanda da mangwaro suna da shi, amma a fara nuna yaron ga ma'aikacin lafiya.

Mu a Zamfara akwai abin da dole mu ƙara. A 2010, gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida, ido bai bambanta ta, hanci bai jin warinta. Yaro mai rarrafe kuma komai baki yake kaiwa. Don haka ki koya masa cewa abin da Inna ta miƙa masa kaɗai ake ɗanɗanawa. Ki wanke masa hannu da sabulu kafin cin abinci. Ki kuma roƙi maigida ya bar dutse da tufafin aiki a can wurin haƙa.

Aikin gida: rubuta ido, kunne, hanci, harshe, fata. A gaban kowanne, rubuta abu ɗaya da yaronki ya gane da shi yau.