Kurakuran da masu haɗa amfilifayar jita mai bawul suke yi tun daga sayen taransifoma

Sau uku ke nan a watan nan wani yana turo min hoton taransifomar da ta ƙone yana tambaya wai ko za ta gyaru. Ba za ta gyaru ba malam, sai dai ka kai wa masu naɗi su sake mata waya. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya in huta.

Misalin da zan riƙa bayarwa shi ne Fender Champ 5F1, don shi kusan kowa yake farawa da shi, ni ma da shi na fara. Ƙaramar amfilifayar jita ce mai wat 5, bawul (kwalbar gilashi mai sarrafa wuta, irin ta tsohuwar rediyo) uku kacal, 12AX7 da 6V6 da 5Y3 mai maida wuta DC. Taransifomarsa ta wuta tana bada wajen 325-0-325 na babbar wuta, wato bolt 325 a kowane gefe daga wayar tsakiya, da bolt 5 na hitar 5Y3 (zaren da yake ɗumama bawul), da bolt 6.3 na sauran biyun.

Kuskuren da ya fi ci min kuɗi shi ne firamare, wato naɗin taransifoma da wutar bango take shiga. Amfilifayar nan a Amurka aka zana ta, wutarsu 120 ce a 60Hz, mu kuma tamu 230 ce a 50Hz, a Nijar 220. Ni da ɗokina na ga an rubuta taransifomar Champ, na biya, na biya kuɗin kawowa wanda ya kusa kamo kuɗin kayan don abin ƙarfe ne mai nauyi, na yi sati biyar ina jira, sai da ta iso na juya bayanta na ga 120V 60Hz. Na ce ba komai ai akwai sitef-dawun, taransifomar nan mai rage 230 zuwa wajen 120. To sitef-dawun bolt kawai yake ragewa, baya taɓa 50Hz ɗin nan, kuma ƙarfen da aka naɗa don 60Hz in ka bashi 50 yana matsawa kusa da ƙoshi, sai ya riƙa jan wuta fiye da ƙima yana zafi yana gurnani. Tawa bayan minti arba'in baka iya barin tafin hannunka a kanta. Haka na lallaɓa wata biyu, ran nan ƙanena ya ɗauki amfilifayar zai je gwaji da abokansa, ya bar sitef-dawun ɗin a ƙarƙashin tebur don yayi masa nauyi, ya samu adafta ya soka a bango kai tsaye. Ya dawo min da ita a buhu yana cewa "Yaya wallahi ko kiɗa ɗaya ban yi ba, wani ƙauri kawai na ji." Ban iya yi masa faɗa sosai ba, don fis ɗin da ya kamata ya tsinke ya ceci taransifomar ni da hannuna na ɗaure shi da silin waya sati biyu kafin nan, wai kafin in samo wani. Har yau taransifomar tana ajiye a ɗakina, fanishin ya narke ya zubo ta gefe kamar ɗanko.

Maganinsa kafin ka biya ko sisi ka nemi takardar bayanin taransifomar, ka ga an rubuta 230 ko 240 a firamare, ka ga 50/60Hz. Akwai masu firamare biyu na 115 da ake haɗawa a jere su zama 230, suma lafiya lau in ka bi launin wayoyin daidai. Ni in akwai zaɓi a 240 nake ɗaurawa, don wutar unguwarmu da tsakar dare tana haurawa sosai, gara hita ta ɗan yi ƙasa kaɗan da ta yi sama. Wasu basu yarda da ni ba a nan, ruwansu. Fis kuma mai jinkirin tsinkewa, amfiya 1 a wutarmu, rabin na Amurka, kuma don Allah kar ka ɗaure shi da waya.

Na biyu, shi ne yake ƙona min rai don lissafin 'yan makarantar firamare ne amma mutane basa yi. Mutum zai ga 325 a jikin taransifoma ya ɗauka 325 zai samu a kwandansa mai tara wuta tana tace ta. Wannan AC ce, in aka maida ta DC aka tace sai ka ninka da 1.4, ka ga 455 ke nan. Abin da yake saukar da ita shi ne 5Y3, yana cinye bolt hamsin ko fiye in amfilifaya tana aiki, shi ya sa kake ganin 360 zuwa 380. Sai wani gwani ya ce maka 5Y3 tsada gareshi ga wuyar samu, sa dayod 1N4007 guda biyu ka huta. Na sa. Dayod kusan ba abin da yake ragewa, kuma baya jiran komai ya ɗumama, kana kunnawa wutar ta hau gaba ɗaya alhali 6V6 bai fara ja ba. In a ranar NEPA ta kawo 245 a firamaren 230, sakandare, wato naɗin da wutar take fita, ya zama 346, ninka da 1.4 ka ga ka haura 480, kwandansan Champ kuma 450 aka rubuta a jikinsu. Kwandansana na farkon, mai 16uF, ya kumbura ya fashe da wani farin hayaƙi mai warin kifi, 6V6 ɗin ma da na kashe fitilar ɗaki na leƙa sai na ga farantinsa yayi jajir kamar garwashi. Bawul ne da bai kamata ya wuce wat 12 zuwa 14 ba. In dayod kake so to tun farko ka sayi mai 275-0-275 ko ƙasa, in kuma 325 ce a hannunka ka bar 5Y3 a wurinsa, ka auna bolt ɗin da ke kan resista mai om 470 na katod (ƙafar 6V6 da ke zuwa ƙasa) ka raba da 470 ka san abin da bawul ɗinka yake ja. Mita tana hannunka, me ya hana ka?

Amfiyar da hitar kowane bawul take ja ma a tara ta. 12AX7 yana jan 0.3, 6V6 yana jan 0.45, 6L6 0.9, EL34 kuwa 1.5. 5Y3 amfiya 2 yake ci, 5U4, wani bawul mai maida wuta DC, kuma 3, saboda haka don soket ɗinsu ɗaya ba shi ne zaka zare wannan ka cusa wancan ba. Ni ina son a samu rarar kamar kashi ɗaya cikin uku a kan abin da na lissafa, garinmu da zafi.

Yanzu maganar rai. Kwandansa tana riƙe wuta bayan ka zare filogi, na taɓa kai hannu zan gyara wata waya minti biyu bayan kashewa, sai da gwiwar hannuna ta bugi bango, yini guda yatsuna biyu suna zugi. Tun ranar nake sa resista 220k mai wat 2 daga babbar wuta zuwa shasi (akwatin ƙarfen da ake ɗora kayan) a duk abin da na haɗa don ta sauke wutar, kuma duk da haka sai na auna na ga ta sauka ƙasa da bolt 10 kafin in taɓa. In tana kunne hannu ɗaya a aljihu, takalmi a ƙafa, ba a kan sumunti da ƙafa tsirara ba kamar yadda nake ganin yara suna yi. Tsohon zanen Champ filoginsa baki biyu ne da wata kwandansa daga layin wuta zuwa shasi, kar ka kwaikwayi wannan, cire ta, sa waya mai uku ka ɗaure wayar ƙasa a shasi da noti nata ita kaɗai. Igiyoyin jitarka a haɗe suke da shasin nan.

Sauran ƙanana ne. Kar ka kunna ba sifika a jone, taransifomar fita, wadda take kai sauti ga sifika, ce zata ƙone. Taransifomar fita ta Champ mai wajen om 5k ce ta bawul ɗaya, ta fush-ful, wato ta bawul biyu masu aiki tare, bata yi. Wayoyin hita a murɗe su tare, a kwantar da su jikin shasi nesa da shigar jita, in ba haka ba ƙugi zai hana ka sakat. Taransifomomin biyu kar ƙarafunansu su kalli gefe ɗaya, juya ɗaya a gicciye. Kar ka zuba 100uF a bayan 5Y3 wai don kashe ƙugi, bawul ɗin zaka kashe.

Kunnawar farko kuma ta cikin kwan fitila nake yi, irin na da mai zare, wat 60, a jere da layin wuta. In yayi haske ya dushe to ci gaba, in ya tsaya da haskensa tar to akwai inda waya ta haɗe, kashe ka duba. Kwan LED baya wannan aikin. Masu zaren sun fara wuya a kasuwa, ni guda huɗu na saya na ɓoye a cikin kwalin takalmi.