"Ai bai san komai ba": kurakuran da muke yi wa ƙwaƙwalwar jariri

Ranar awo a asibitocin Jos, ka tsaya ka kalli layin masu goyo. An naɗe jarirai da hula da safa da bargo saboda sanyin garin nan, jiki dai ya samu kulawa. Amma ka ce wa wata ta riƙa yi wa jaririnta hira, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, ai bai san komai ba." Daga wannan magana yawancin kurakuranmu suka tsiro.

Ƙwaƙwalwar sabon haihuwa kusan kashi 1 cikin 4 ce ta girman ta babba, kafin ya cika shekara 2 ta kai wajen kashi 80 cikin 100. Yawancin ƙwayoyinta da su aka haife shi, aikin da ya rage shi ne ƙulla hanyoyin da ke sada su. Masana a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko mahaɗa fiye da miliyan 1 ke ƙulluwa a kowace daƙiƙa. Daga baya sai a yi sassabe: hanyar da ake bi ta zauna daram, wadda aka daina bi ta shafe kamar turbar gona da ciyawar damina ta cinye. Sassan gani da ji da taɓawa da motsi ne ke fara tsayuwa, na magana ya jingina da su. Na gaban goshi, mai kula da haƙuri da tsara tunani, shi ne auta, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Babban kuskure shi ne shiru. A shayar da yaro, a yi masa wanka, a goya shi, ba wanda ya dubi idonsa ya ce masa uffan. Ya fi tsanani a kan ɗan fari, inda kunya ke hana uwa da uba yi masa wasa a gaban manya. Kunya ado ce, ban musa ba, amma a cikin ɗaki wa ake ji wa kunyar? Sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30, daidai nisan fuskar uwa lokacin shayarwa, kuma ya san muryarta tun yana ciki. In ta yi magana a wannan lokaci, ido na ganin leɓe, kunne na jin sauti, fata na jin ɗumi, duk a tare, kuma haɗuwar nan ce ke ɗinke sassan da juna. Gyaran ba ya cin ko sisi. In ya yi gwaranci, ki amsa masa, ki dakata, ki bar shi ya mayar. Ki gaya masa abin da kike yi: ga ruwa, ga soso, ga ƙafarka. Maigida, kai ma da kai ake. A shekarun 1970 Edward Tronick a Amurka ya sa iyaye mata su ɗaure fuska na ɗan lokaci a gaban jariransu. Yaran suka yi ta murmushi da miƙa hannu don su dawo da hankalin uwa, da suka kasa sai suka kau da kai suka fashe da kuka. Wanda bai san komai ba ba zai yi haka ba.

Daga nan sai waya. Yanzu da yaro ya motsa sai a kunna masa katun, har a yi alfahari wai yana koyon Turanci. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada wannan. Jarirai 'yan wata 9 da ba su taɓa jin Sinanci ba suka zauna sau 12 da masu jin harshen suna yi musu wasa da hira, sai ga shi sun iya bambance sautukansa. Waɗanda aka nuna wa irin hirar a talabijin ba su ƙaru da komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara 1 ba gaban allo ko kaɗan, ɗan shekara 2 ma kada ya wuce awa 1 a rana. Wayar da ke hannun uwa ita ma tana da nata laifin, don fuskar mai latse-latse ba ta da maraba da ɗaurarriyar fuskar nan ta Tronick.

Akwai kuma masu tsoron harsuna biyu za su rikita yaro. A Jos, inda gida ɗaya za ka ji Hausa da Birom ko Angas da Turanci, wannan tsoro asara ce. Tsakanin wata 6 zuwa 12 ne kunnen jariri ke karkata ga sautukan da yake ji kullum. A lokacin yake kama bambancin "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", wanda baƙo ke shekara goma yana fama da shi. Kowa ya yi masa harshen da ya fi iyawa, kaka ta yi nata.

Goyo alheri ne, amma ba yini guda a baya ba. Jariri yana buƙatar a kifa shi a tabarma idonsa biyu, kina kusa, jimlar minti 30 a rana, ya ɗaga kai ya kai hannu ga abu. Barci kuwa a rigingine. Ɗaukar mai kuka ba ya sangarta ɗan wata uku. Abin da ke illa shi ne jijjiga shi da ƙarfi cikin fushi, wanda kan fasa jijiyoyin jini a ka.

Bayan wata 6 na nono zalla, koko tsura ba ya wadatarwa, domin sinadarin ƙarfen da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, ƙwaƙwalwa kuma tana buƙatarsa. A haɗa da ƙwai, hanta, kifi, wake, gyaɗa da ganye. Wanda ke da kasuwar kayan lambu irin ta Farin Gada da ke Jos a garinsu bai da uzurin rashin alayyafo.

Sauran ukun su ne suka fi ba ni tsoro, don ɓarnarsu ba ta cika gyaruwa ba. Kwalli da ake ranbaɗa wa jarirai sau da yawa yana ɗauke da dalma, gubar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, kuma kaɗan ɗinta ma yana dakushe basira. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yana fitar da iska marar wari mai hana ƙwaƙwalwa samun iskar numfashi, gara a ƙara bargo. Sai ciwon shawara. In idon jariri ko fatarsa ta yi ɗorawa a kwanakin farko, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ɗura masa jiƙo, a kuma cire kafur daga kayansa. Shawara tana iya hawa kai ta bar shi da kurumta ko shanyewar jiki. A kai shi asibiti a ranar, a auna jininsa, in ta kama a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila.