Yadda ake karanta jerin gwanaye 25 na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka kafin a fara kaka

A tsakiyar watan Oktoba na kowace shekara, kamfanin dillancin labarai na Associated Press yakan fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da ake ganin su ne gwanayen ƙwallon kwandon maza na jami'o'in Amurka. A lokacin ba a jefa ƙwallo ko ɗaya a kwando ba, don sai farkon Nuwamba ake buɗe kaka. Amma da jerin ya fito sai musu ya kaure, wani ya ce an danne ƙungiyarsa, wani kuma ya fara lissafin kofi. Ni ina son wannan jeri, kowace shekara nakan zauna da shi da biro da littafi. Abin da nake so ka koya a nan shi ne yadda za ka tatsi amfaninsa ba tare da ya rufe maka ido ba.

Mataki na farko: san ko su wa suka jera

'Yan jarida da masu sharhin wasanni kimanin 60 ne ke kaɗa ƙuri'a. Kowannensu zai rubuta ƙungiyoyi 25, wadda ya sa a sama ta samu maki 25, ta biyu 24, haka har ta ƙarshe mai maki ɗaya, sannan a tara. Lambar da kake gani cikin baka kusa da sunan wasu ƙungiyoyi, yawan waɗanda suka sa su a matsayi na ɗaya ke nan. Ka fara duba wannan lambar. In ƙuri'un na ɗaya sun rabu tsakanin ƙungiyoyi huɗu ko biyar, to masu zaɓen ma kansu bai haɗu ba. Akwai kuma jerin masu horarwa da jaridar USA Today ke bugawa, yawanci bambancinsu ba shi da yawa.

Ka riƙe wannan: ƙungiyoyi fiye da 350 ne ke babban rukuni na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba kuma wanda ya kalle su duka. Mai zaɓe a Oktoba abu biyu ne suka fi cika masa ido, abin da ya gani a watan Maris da ya wuce, watan da ake fara gasar kofi ta ƙarshen kaka, da kuma girman sunan jami'a. Jerin ba ya ba kowa gurbi a gasar ƙarshen kaka, zakarun rukunonin jami'o'i ne ke shiga kai tsaye, kwamiti daban kuma ya zaɓi sauran.

Mataki na biyu: tambayi wa ya dawo, kuma daga me ya dawo

Nan ne aikin yake, nan kuma nake daɗewa. Ɗauki takarda ka ja layi uku a ƙarƙashin sunan kowace ƙungiya ta goman farko: waɗanda suka tafi, waɗanda suka dawo, sababbin zuwa. Kusa da kowane suna rubuta mintunan da yake bugawa a wasa a kakar da ta wuce. Wasa minti 40 ne, mutum biyar ne a fili, don haka minti 200 ake rabawa a kowane wasa. In ka tara na waɗanda suka dawo ka ga bai kai 80 ba, to sabuwar ƙungiya ce sanye da tsohuwar riga.

Dawowar 'yan wasa na da daraja sosai. Florida ta ɗauki kofi a 2006, 'yan wasanta biyar na farko, ciki har da Joakim Noah da Al Horford, suka ƙi tafiya NBA, babbar gasar ƙwararru, suka dawo gaba ɗaya. Aka sa ta ta ɗaya kafin kaka, ta kuma sake ɗaukar kofin a 2007. A nan jerin ya faɗi gaskiya.

To amma ga ɗaya gefen, wanda ya kamata kowa ya haddace. A 2022 North Carolina ta doke Duke a wasan kusa da na ƙarshe, wanda ya zama wasan bankwana na kocin Duke, Mike Krzyzewski, sannan ta tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe tana gaban Kansas da maki 15 kafin a kamo ta a ci ta 72 da 69. Huɗu daga cikin biyar ɗinta na farko suka dawo, har da Armando Bacot da Caleb Love da RJ Davis. Aka ɗora ta a matsayi na ɗaya. Kaka ta ƙare tana da nasara 20 da rashin nasara 13, ko gayyatar gasar Maris ba ta samu ba, abin da bai taɓa faruwa da ta ɗaya a jerin farko ba tun da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 64 a 1985.

Me aka kasa gani? Makonni uku na Maris sun rufe watanni huɗu da suka gabace su. Ƙungiyar nan a matsayi na takwas a rukuninta ta shiga waccan gasa, wato tun farko matsakaiciya ce da hannunta ya yi zafi a daidai lokacin da duniya ke kallo. Kuma mutum ɗayan da ya tafi, Brady Manek, shi ne dogon da ke jefawa daga nesa yana janye masu tsaro daga ƙarƙashin kwando don Bacot ya samu fili. Shi ya sa bai isa ka ƙirga kawuna ba. Koma ka duba yadda ƙungiyar ta yi a Janairu da Fabrairu, a gidajen abokan hamayya, sannan ka tambayi kanka aikin da wanda ya tafi yake yi, da kuma wa zai gaje shi.

Mataki na uku: auna masu sauya sheƙa da hankali

Da, ɗan wasa in ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Tun 2021 aka sassauta wannan doka, a shekarar ne kuma aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye. Sakamakon haka kowace bazara ɗaruruwan 'yan wasa ke tattara kayansu, koci yana iya haɗa ƙungiya sabuwa fil cikin wata biyu.

Masu zaɓe suna son manyan sunaye. Kansas ta ɗauko Hunter Dickinson daga Michigan a 2023, aka sa ta ta ɗaya shekara biyu a jere. A 2024 Gonzaga ta fitar da ita a zagaye na biyu, a 2025 kuwa Arkansas ta kore ta tun zagayen farko. Bill Self na Kansas gwanin koci ne, ba a musun wannan, amma tarin gwanaye daban ne, ƙungiya daban.

Abin da nake dubawa shi ne ko sabon zuwa ya zo cike gurbi ne ko ya zo neman gurbi. In mutum uku kowa ya saba jefa ƙwallo sau goma sha biyar a tsohuwar jami'arsa, yanzu kuma ƙwallo ɗaya ce tsakaninsu, dole wani ya haƙura, ba kuma kowa ne ke iya haƙuri ba. Dubi Florida ta 2025. Walter Clayton Jr. ya riga ya shekara a wurin bayan ya baro Iona, Will Richard da Alex Condon da Thomas Haugh duk sun san juna. Sai koci Todd Golden ya ƙaro abin da ya rasa: Alijah Martin mai zafin tsaro, da Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya da ya baro Washington State, don ya tsare ƙarƙashin kwando ya kwaso ƙwallayen da suka fanɗare. A matsayi na 21 aka ajiye su a Oktoba. A Afrilu suka ci Houston 65 da 63 suka ɗaga kofi.

Mataki na huɗu: yaran shekarar farko

Dokar NBA ta ce sai yaro ya kai shekara 19 kuma ya shekara da gama sakandare, shi ya sa haziƙai ke yada zango na shekara guda a jami'a. Kentucky ta ci kofi da irinsu a 2012 lokacin Anthony Davis, Duke ma ta yi a 2015. Daga nan kuwa gogaggu ne suka fi ɗauka. Duke ta 2025 tana da Cooper Flagg, wanda daga baya ya zama na farko da aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, amma manyan Houston suka kamo tazarar maki 14 suka fitar da ita 70 da 67. Ƙungiyar da yara suka yi wa yawa, ka rage mata daraja a Nuwamba, ka sake auna ta a Fabrairu.

Mataki na biyar: wa ke riƙe ƙwallo

In lokacinka kaɗan ne, wannan kaɗai ka duba. A jami'a daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta jefa, laifi biyar kuma ke fitar da mutum daga wasa. In saura minti biyu, maki sun yi kunnen doki, 'yan kallo dubu goma suna ihu a kanka, mutum ɗaya ne zai ɗauko ƙwallo daga baya ya tsara komai. Ina so in san shekarunsa nawa a jami'a, sau nawa yake zubar da ƙwallo, kuma yaya hannunsa yake a jifan kyauta. UConn ta 2011, wato ƙungiyar jami'ar Connecticut, ba ta cikin jerin farko ko kaɗan, Kemba Walker ne ya goya ta har kofi. Dalilin da ya sa ban yi mamaki ba da aka sa Purdue ta ɗaya a Oktoban 2025, karo na farko a tarihinta a jerin kafin kaka, shi ne Braden Smith ya dawo shekararsa ta huɗu tare da Trey Kaufman-Renn da Fletcher Loyer, mutanen da suka buga wasan ƙarshe na 2024 a ƙarƙashin koci Matt Painter.

Mataki na shida: kwatanta da lissafin kwamfuta

Akwai shafuka biyu da masu bin harkar ke yawan buɗewa, na Ken Pomeroy da ake kira KenPom, da na Bart Torvik. Su ba ruwansu da suna. Suna auna maki nawa ƙungiya ke ci, nawa kuma ake cin ta, a duk riƙon ƙwallo 100, sannan su daidaita da ƙarfin waɗanda ta kara da su. Amfanin wannan shi ne mai wasa a hankali da mai gudu-gudu duk mudu ɗaya ake auna su da shi. Ajiye jerin 'yan jarida a hagu, na kwamfuta a dama. Inda suka yi daidai ka wuce. Inda 'yan jarida suka ce ta biyar kwamfuta ta ce ta ashirin, ko akasin haka, nan za ka tsaya ka nemi dalili. Sau da yawa za ka tarar ƙungiya mai ƙarfin tsaro ce aka raina, don tsaro ba ya fitowa a gajerun bidiyon da ke yawo a waya.

Kar ka manta ƙasan jerin, inda ake lissafa waɗanda suka samu ƙuri'a amma ba su shiga 25 ba. Can UConn take a Oktoban 2022. Ta ci wasanninta 14 na farko, a gasar Maris kuma ta lashe wasa shida ba wanda tazararsa ta gaza maki 13. Gwarzon zagayen ƙarshe shi ne Adama Sanogo, ɗan Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buga huɗun ƙarshe na wasannin nan cikin watan Ramadan yana azumi. Na kalli wasan ƙarshen da suka ci San Diego State 76 da 59 a waya, tsakar dare, da ƙoƙon sahur a gefena, ina kallon yaron nan yana ture manyan ƙarti a ƙarƙashin kwando. Har yau in na tuna sai in ji daɗi a raina.

Mataki na bakwai: rubuta naka da fensir, ka gwada shi a Nuwamba

Yanzu jera goman farko naka, kowace ƙungiya da jimla ɗaya ta dalili da jimla ɗaya ta abin da kake tsoro. Sannan ka zaɓi wasannin gwaji. A farkon kaka akwai Champions Classic, inda Duke da Kansas da Kentucky da Michigan State ke karawa tun 2011. A ƙarshen Nuwamba akwai gasar Maui a Hawaii, wasa uku cikin kwana uku, wadda ke tona asirin duk ƙungiyar da bencinta ba shi da zurfi. Can ne UConn, tana riƙe da kofi biyu a jere, ta je a 2024 tana matsayi na biyu ta sha kashi sau uku, a hannun Memphis da Colorado da Dayton. Wanda ya cika layi ukun nan na mataki na biyu ya riga ya san huɗu daga cikin biyar ɗinta na farko sun tafi.

Ka shirya wa dare. A lokacin sanyi tazarar awa shida ce tsakanin gabashin Amurka da Najeriya ko Nijar, wasan ƙarfe bakwai na yammarsu ƙarfe ɗaya na dare ne a wurinmu. Ba sai ka kalli duka ba. Zaɓi wasa ɗaya ko biyu a mako, sauran ka duba alƙaluman wasa da safe: mintunan kowa, yawan zubar da ƙwallo, da wanda ya fi kwaso ƙwallon da ta fanɗare.

Kada ka goge komai saboda dare ɗaya. Jira kowace ƙungiya ta buga wasa goma, aƙalla biyu daga ciki a gidan wasu, wanda yakan kai ka tsakiyar Disamba. Sannan ka ɗauko takardar Oktoba, ka karanta jimlar tsoron da ka rubuta wa kowacce. Wadda tsoronka ya tabbata a kanta ka sauke ta, wadda ta magance shi ka ɗaga ta, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka ajiye takardar sai farkon Fabrairu.